Kibiyar Cirilo: Rayuwar Malama Herminia Galeano

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Herminia Galeano a garin Itauguá na ƙasar Paraguay ranar 9 ga Mayu, 1949. Mahaifinta, Evaristo Galeano, mai amalanken shanu ne, mahaifiyarta kuwa, Petrona Ayala, masaƙiyar leshi ce da ta shahara da kyan aiki da kaifin harshe. A gabanta Herminia ta taso, ta gaji abu biyun duka, amma na biyun ya fi kama ta.

Karatu da Aure

Ta kammala firamare a 1962, ta samu shaidar malanta a Asunción a 1968, kana ta fara koyarwa a garin Ypacaraí. A 1972 ta auri Anastasio Riquelme, kafinta mai haƙuri, wanda ya sha faɗa da dariya cewa shi ne ɗalibinta da ya fi daɗewa bai fita aji ba. Sun haifi Blas a 1973, Cirilo a 1976, da Zunilda a 1980.

Cirilo ya zo duniya da jinkirin fahimta da nauyin harshe. A 1983 ta zaga da shi makarantu huɗu, har da wadda take koyarwa a cikinta, ko'ina aka ba ta haƙuri cikin ladabi wai babu malamin da aka horar domin irinsa. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta sha alwashin ba za ta bar duniya ba sai ɗanta ya zauna aji ɗaya da kowa ya iya karatu.

Horar da Malamai

A 1991 aka mayar da ita kwalejin horar da malamai, bayan shekara biyu kuma ta koyi amfani da taswirar tunani. Tsarin ba shi da wuya: a rubuta kalmomi cikin da'ira, a haɗa su da kibau, a bisa kowace kibiya a rubuta alaƙar da ke tsakani. Ta mayar da shi makaminta. Duk farkon shekara takan sa sababbin ɗalibai su zana ajin da za su riƙe gobe, har da makaho, kurma da mai jinkirin fahimta. Wanda ya manta da su, ko ya rataye su can ƙurya babu kibiya, ranar ya san ya gamu da 'yar Petrona.

A watan Oktoba na 1996 ta zauna ƙarƙashin mangwaron gidanta ta zana tata taswirar, domin ta zama abin koyi. Ta sa sunan Cirilo a tsakiya, kibau tara suka nufo shi: uwa tana kula, malami yana haƙuri, likita yana dubawa. Cirilo, mai shekara ashirin a lokacin, ya kawo mata tereré, ruwan ganyen nan mai sanyi da shi kaɗai ya iya haɗa mata yadda take so. Sunansa ne kawai yake ganewa a rubuce. Ya tambayi ma'anar kiban, ta yi masa bayani cikin alfahari, shi kuwa ya daɗe yana kallon takardar.

"Mama, duk ni ake harbi. Ni ba na harbin kowa?"

Ya karɓi fensirin ya ja wata karkatacciyar kibiya daga sunansa zuwa inda ta nuna masa nata, ya ce ta rubuta cewa yana kawo mata tereré. Anastasio ya yi dariya har da hawaye, ita kuwa kunya ta rufe ta, domin kuskuren da ta yi ya fi na ɗalibanta ɓuya.

Washegari ta manna takardar a allo, ta shaida wa aji cewa Malama ta faɗi jarrabawa. Daga ranar ta kafa ƙa'ida: ba ta karɓar taswirar da kibiya ba ta fito daga kowane yaro ba. Ɗalibai suka sa wa abin suna kibiyar Cirilo, kuma da ita suka riƙa gano cewa kurma ya fi kowa lura, makauniya kuma tana iya riƙe wa aji waƙa.

A 2004 wani tsohon ɗalibinta, Teodoro Insfrán, da aka ba ajin manya a Itauguá, ya zo har gida da takardar rajista.

"Malama, taswirata ba ta cika ba. Ki ba ni aron Cirilo."

Cirilo ya zauna benci ɗaya da direbobi da masu tallan chipa, wato burodin rogo, shi ne mai kiran suna da rabon ruwa. A Disambar 2010, yana da shekara talatin da huɗu, ya karɓi shaidar firamare, aka kwana biyu ana cin gasasshen nama a gidan.

Ƙarshen Rayuwa

Ta yi ritaya a 2009, Anastasio ya rasu a 2013, a shekarar da ta biyo kuma ciwon suga ya tafi da ganinta. Duk da haka malamai ba su daina aiko mata da taswirori ba. Cirilo ne yake karanta mata su, kalma bayan kalma, tana gyara tana faɗa kamar da, kuma ta sha cewa waɗannan ne shekarunta mafi daɗi.

Rasuwa

Ta rasu ranar 3 ga Agusta, 2022, tana da shekara saba'in da uku, aka yi mata addu'a a coci, aka binne ta kusa da mijinta a maƙabartar Itauguá. Ta bar jikoki biyar da 'ya'ya uku: Blas, kafinta, Zunilda, malamar asibiti, da Cirilo, wanda ya rubuta allon kabarin da hannunsa. Ya sa sunansa a ƙasa, ya ja kibiya zuwa nata, a bisa kibiyar ya rubuta: "yana karanta wa".