Na Riƙe Shi Har Ayarinsu Ya Tafi

A lokacin ina saurayi mai ji da kansa, shekarar da mahaifinmu ya rasu ya bar mini gandu a bayan Birnin Gwari. Ban iya komai ba sai ɗaga murya. Duk kaka 'yan ƙwadago sukan zo mana daga arewa su yi girbi, a sallame su da dawa, dami ɗaya cikin goma. A cikinsu akwai wani dattijo siriri mai ɗan ɗingishi, wanda ya daɗe yana sauka a zaurenmu. Shi ya koya mini ɗaurin dami, yana tsokanata wai nawa ko akuya ta yi atishawa sai ya watse. Baba nake ce masa, kuma wallahi ina ƙaunarsa.

Tare suke zuwa, tare suke komawa, don ba a keta dajin nan mutum ɗaya. Ga namun dawa, ga masu kama mutane. Da aka gama sussuka ya same ni ya ce 'yan'uwansa gobe da hantsi za su tashi, in taimaka in ba shi rabonsa, domin ya baro matarsa ba lafiya, gida kuma ba hatsi. Ni kuwa sabon rumbuna ba a gama yaɓe ba, kuma duk garin ba mai hannunsa. Sai na ce ya ƙarasa mini tukuna. Bai yi musu ba, ya dai ce aikin kwana uku ne, ayari kuma ba ya jira. Na ce ai shi tsohon hannu ne, zai cim musu a hanya. Har yau in na tuna wannan magana sai kunya ta rufe ni.

Ya yaɓe rumbun tsaf, ya ɗora dawarsa a jaki, ya sa mini albarka, har yana jan kunnena kada in zuba hatsi sai ƙasar ta bushe. Bayan mako guda Fulanin da kan yi kiwo a gonarmu suka koro jakin daga wajen dajin Kamuku, da kayansa a ɗaure. Mun yi kwanaki muna neman Baba, ko takalminsa ba mu gani ba.

Na bi fatake na kai dawar garinsu da kaina. Matarsa ta lallaɓo ta kawo mini ruwa, ta yi kukanta, sannan ta shiga yi mini godiya. Ta ce kullum yana faɗi gidanmu ba a cutar ɗan ƙwadago. Na buɗe baki in gaya mata gaskiya, na kasa. Har ta koma ga Allah ban faɗa ba.

Yanzu na tsufa, na gane hakkin mai aiki ba hatsi kaɗai ba ne, har da ranar tafiyarsa. Ku masu gona, in baƙo ya gama abin da ya zo yi, ku sallame shi ya bi mutanensa. Ni ban rage wa Baba ko zangarniya ɗaya ba. Kwana uku kawai na karɓe masa, kuma ban sami inda zan mayar masa da su ba.