Amritsar a Bayan Najma

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, bari in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne wawan, ba marigayi ba. Shekara bakwai ina yi wa mutum dariya, ashe ni ya kamata a zaunar a tsakiya a yi wa.

Ku da kuka zauna da mu a unguwar Najma ta Doha kun san Kulwant, wanda muke kira Mai Rawani. Wanda bai san shi ba, mutumin Indiya ne, mabiyin addinin Sikh, waɗanda ba sa aske gashi ko gemu daga haihuwa har mutuwa, sai dai su naɗe shi cikin rawani. Direban bas ne a kamfanin da nake tuƙi, ɗakinmu ɗaya da shi da Isaka mutumin Zangon Kumasi. Da Larabcin direbobi muke magana, wanda ba Balaraben da zai yarda nasa ne. Ni na mai da shi Hausa a nan, kuma aji huɗu na tsaya a firamare, sai a yi haƙuri da ni.

Kowace Juma'a, muna dawowa daga masallaci, za mu same shi tsaye a ƙofar bas, riƙe da eriyar rediyo da ya ɗaura wa ƙyalle ruwan goro.

"Yalla, maziyarta! Amritsar! Wuni ɗaya, wuri huɗu, ba a barin kowa a baya!"

Wanki aka ce ya kai motar. Shi kuwa burinsa a duniya ɗaya ne: ya koma garinsu Amritsar, ya zama mai yi wa baƙi jagora a wuraren ibada da na tarihi. Shekara ashirin da wani abu bai taka garin ba. To, kada ya manta hanya, sai ya ɗauko garin kacokan ya shimfiɗa shi a kan Doha, mu kuma muka zama baƙin gwaji.

Zango na farko a unguwar Muntazah yake. Akwai wani bene mai gilashi ruwan zinariya, a gabansa wurin wankin mota inda ruwan kumfa ke kwanciya. Wannan, in ji shi, shi ne babban ɗakin ibadarsu mai rufin zinariya da ke tsakiyar tafki. Sai ya raba wa marasa hula hankici su ɗaure kai, ya zuba mana ruwan gora a ƙafa.

"Garba-ji, takalmi," ya ce da ni. Ji ɗin nan girmamawa ce a harshensu.

"A wannan ranar? Mai Rawani, ƙasar nan ƙwai za ta soya!"

"Can gwamna ma cirewa yake."

"To ai nan ba can ba ne!"

"Shi ya sa kake ƙonewa. Can da shimfiɗa jiƙaƙƙiya."

Haka muka yi ta tsalle kamar fara a tukunya, masu wankin mota suna kallonmu. Ranar farko na kafe, na ce ni fa Musulmi ne, ba zan rusuna wa gilashin kowa ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya ce ka rusuna? Ƙofa huɗu gare shi, kowa ya shigo ta inda ya fito, da addininsa a ƙirjinsa. Abu biyu kawai ake nema: rufe kai da rufe baki. Na farkon kana da hula. Na biyun ne ban san yadda za mu yi da kai ba."

Isaka ya yi dariya har ya manta ƙafarsa na cin wuta.

Daga nan sai mu dawo Najma cin abinci. A can garinsu, ya ce, akwai madafa a gidan ibadar da ba ta taɓa mutuwa, kowa ya zo ya ci kyauta, amma a ƙasa, a layi. Tun asuba yake dafa wakensu da suke kira dal, ya gasa gurasa, ya shimfiɗa kwali a inuwar bene. Gurasar ma ba a karɓa da hannu ɗaya, sai ka tara biyu kamar mai addu'a. Na ce masa, "Gidan da ke ciyar da duniya ya kasa yanka ko akuya ɗaya?"

Ya ce, "Da nama ne, kai ne na farko da za ka tambayi wanda ya yanka. Wake ba shi da mahauci."

Wata Juma'a mudir ɗinmu, wato manajan kamfani, ya diro ba zato, yana neman ba'asin motar da ba ta taɓa dawowa a wanke ba. Ya jawo kujerar roba ya zauna yana faɗa. Mai Rawani ya bi layi yana zuba wake, ya zo kansa ya tsallake.

"Ni fa?" in ji mudir.

"Ludayina gajere ne, ya mudir. Ba ya kaiwa saman kujera."

Wallahi mutumin nan ya sauko ya tanƙwashe ƙafa tsakanina da Isaka, ya tara hannu biyu. Gurasa uku ya ci. Maganar wanki ba ta sake tashi ba.

Zango na uku ne ba a wasa, ni kuwa a nan na yi wasan. Bayan shagunan canji akwai wani lungu, mutum biyu ba sa jerawa a cikinsa, yana ɓullewa wani fili da bene ya kewaye ta ko'ina. Wannan shi ne lambun Jaliyanwala, inda a zamanin mulkin Turawa sojoji suka tare ƙofa suka buɗe wa taron jama'a wuta. Wani tsohon tankin ruwa shi ne rijiyar da mutane suka yi ta faɗawa don gudun harsashi. A jikin bango akwai ramuka, ya bi ya zagaye kowanne da farin alli, yadda ya ce aka yi wa na can.

Na leƙa ɗaya, na ce, "Tabɗi! Wannan harsashin ai na san wanda ya harba shi. Mai ɗaura esi ne."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Rawani ya tafi bakin lungun ya tsaya, ya buɗe hannuwa.

"Garba-ji, fita."

Na gwada dama, na gwada hagu. Ina!

"Ni ɗaya ne," ya ce, "tsoho, kuma ba ni da bindiga. Ƙanin kakata yana cikin filin ranar. Takalminsa kawai aka kawo gida."

Tun daga ranar, in mun shiga lungun, da kaina nake cire hula in sake sawa don in sami abin yi da hannuna.

Na ƙarshe sai rana ta yi sanyi, a unguwar Aziziya. Gidaje biyu ne masu ƙofar ƙarfe suna kallon juna, ɗaya Sani Basakkwace ke gadi, ɗaya wani Rashid mutumin Pakistan. Nan ce iyakar ƙasa, inda sojojin Indiya da na Pakistan ke sauke tuta kullum da yamma, suna ɗaga ƙafa har goshi suna zare wa juna ido. Ƙauyen da aka haifi mahaifinsa yana wancan tsallaken, an raba ƙasa ya bar shi da ƙafa bai sake gani ba. Mai Rawani ne sojan Indiya, Rashid na Pakistan, Sani ne mai busa usur. In sun gama harare-harare sai su yi musafaha, su zauna shan shayi suna hira da harshe ɗaya.

Wata rana ya ɗaga ƙafa, sai muka ji ɓarrr! Wando ya tsage daga gaba har baya, shi kuma ya tafi ƙasa tim. Kowane mai hankali wando zai fara karewa. Shi kuwa hannu biyu ya kai wa rawani ya danne. Na yi dariya har da hawaye.

"Mai Rawani, zinariya ka ɓoye a ciki ne?"

"Abin da ya fi ta," ya ce, yana kwance.

A hanyar dawowa kullum tambayata ɗaya ce. "To ɗan jagora, yaushe za a je na gaskiyan? Ka ishe mu da Amritsar ta kumfa." Sai ya taɓa rawani ya ce, "Saura kaɗan." Shekara bakwai, saura kaɗan. Ga yayarsa tsohuwa tana kira kowace Lahadi, muna jin kukanta ta waya. Hutu ya zo ya ƙi karɓa. Na ce rowa ce, na ce ko wata ya ajiye a Muntazah, ba abin da ban ce ba.

Kada wani ya ce ai ni ma shekara tara ban leƙa Gusau ba. Nawa daban ne. Yayana Alhaji Mudi ya yaɓa mini magana a gaban 'ya'yana, na rantse ba zan sake taka zauren gidanmu ba sai ya ba ni haƙuri. 'Ya'yana biyu sun yi aure, ta waya na sa albarka. An ce yanzu ba ya iya tashi sai an ɗaga shi, 'yarsa tana turo mini saƙon murya, suna nan ban buɗe ba. Wannan magana ce ta manya, ba irin shirmen Mai Rawani ba. Haka nake gaya wa kaina.

Wani abin da na riƙa tsokanarsa da shi kuma shi ne kwalabe. Ƙarƙashin gadonsa kamar shagon mai magani: man kwakwa, man zaitun, habbatus sauda, har man kaɗanya yake sa in roƙo masa wurin masu dawowa daga gida. Wai na gemu ne. Gemu ɗaya! Kuma a shekara bakwai, ɗaki ɗaya, ban taɓa ganin kansa ba. A banɗaki yake naɗi, ƙofa a kulle, da ƙaramin rawani yake kwana.

Wata Juma'a da hantsi yana murza ƙullun gurasa sai ya kife a kan kwanon. Ni na bi shi asibiti. Za su ɗauki hoton kansa, ma'aikaciyar ta ce sai an cire rawani, ta ce in taimaka. Na yi ta warwarewa, ƙyalle bai ƙarewa. A ƙarƙashinsa na tarar da tsumma a dunƙule, an yi masa siffar tulin gashi. A ƙarƙashin tsumman kuwa sanƙo ne fes, yana sheƙin man kaɗanya. Can ta ƙeya wasu 'yan silla farare, an tattara su an ɗaure da zare, ƙullin bai kai goro ba.

Da la'asar ya farfaɗo. Hannun da ke motsi ya kai kai, ya ji babu. Ya dube ni, ya gane na gani. Na cire hulata na sa masa.

Da rabin baki ya ba ni labari. Zuwansa na farko aikin gini ya samu, aka ce hular kwano ba ta zama a kan rawani, ko gashi ko aiki. Gida ana jiran abinci. Ya aske. Da ya je hutu mahaifinsa ya tare shi a ƙofa, ya ce kada ya sake shigo masa gida sai kansa ya koma yadda Mahalicci ya yi shi. Ya dawo, ya koyi tuƙi, ya daina aski. Gashin ya fara tsawo, sai ya fara zuba.

Na ce, "Mai Rawani, mahaifin naka ai ya daɗe da rasuwa."

"Shi ya sa. Da yana nan, da na roƙe shi ya janye."

"Yayarka ta sani?"

"Ta ce in zo ko da kan ƙwarya ne." Ya yi ɗan murmushi ta gefe ɗaya. "Saura kaɗan, Garba-ji. Na bayan nan sun fara ƙarfi."

Kwana biyu ya ƙara. Mutanensu suka zo suka naɗa masa rawaninsa ruwan goro, aka yi takardu, aka ce za a kai shi gida. Ranar da za a sa shi a jirgi muka cika bas ɗinsa, Isaka na tuƙi, Sani da Rashid sun nemi izini, mudir ma ya zo. Muka bi motar gawa har ƙofar da ake shigar da kaya a filin jirgi. Ba wanda ya ce a yi, sai na ga kowa ya zaro hankicinsa ya ɗaure kai. Rashid ya cire takalmi a kan kwalta mai zafi, muka bi shi. Ba wanda ya yi tsalle.

Ni ba malami ba ne, ban san abin da ya halatta in roƙa masa ba. Na ce: Ya Allah, bawanKa ne, Kai Ka halicce shi, Ka fi mu sanin abin da ke ƙarƙashin rawaninsa da abin da ke cikin ƙirjinsa. Ya ciyar da mu bai tambayi addininmu ba. Ka ba yayarsa haƙuri. Ka mai da kowane baƙo gidansu da ƙafarsa. Aka ce amin.

Da na tsaya nan da na tsira. Amma kun san ni da baki. Muna sa takalma, na share ido da hankici, na gyara murya irin ta dattawa.

"Allah Ya sani ina son mutumin nan, amma taurin kai ne ya cuce shi. A ce mutum da hankalinsa ya hana kansa gida, ya bar 'yar uwarsa tana kuka, saboda magana ɗaya da aka faɗa a bakin ƙofa?"

Isaka bai ko ɗago daga ɗaurin takalminsa ba.

"Massa Garba, shi gashi yake jira ya tsiro. Kai me kake jira ya tsiro? Ajiye hankicin nan da kyau, ƙofar nan ba ta Indiyawa kaɗai ba ce."