Ranar da Tasin Alhaji Ta Mutu a Anloga

Kaka ta rasu bara. Har yau idan na ji tsohuwar mota tana tari a bakin titi, sai in tuna da ita.

A gidanmu na Ayigya Zango, a Kumasi, ba a fara labari sai ta ɗora waken da za ta sayar da safe. Bayan magariba takan zauna gaban kurfoti da mafici a hannu, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙin gawayi yana korar sauro, yana korar mu tare da su. Labaranta suna da yawa, amma wanda muke roƙo kullum shi ne na tasin Alhaji, kakanmu da ba mu taso mun tarar ba.

"Ku hau, za mu tashi," in ji ta.

"Mun hau!"

Sai ta nuna ni da mafici. "Angona, ba mu inji."

Ni ne injin. Nakan kumbura kumatu in yi ta ɓur-ɓur-ɓur, in sarƙe, in yi tari, har karen maƙwabta ya shiga tsakani.

Tasin, a faɗar Kaka, ta girmi titin da take bi. Ni kuma na ƙara da cewa ta girmi Kumasi. Ciwonta ɗaya ne: tana cikin tafiya sai injin ya fara tsallake bugu, motar ta yi ta fizga kamar akuya a igiya. Alhaji ya san maganin. Yakan buɗe bonet, injin na aiki, ya riƙa zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ya zare ƙarar ba ta sauya ba, fuloginta ne ya mutu. Ya kwance shi, ya kankare, ya hura, ya mayar.

Ranar da naƙudar fari ta kama Kaka, da rana tsaka, ya kwantar da ita a kujerar baya suka nufi asibiti cikin gari. Suna isa Anloga, gaban rumfunan kafintoci, mota ta fara halinta, ta fizga, ta mutu. Ya tayar, ta kama, ta ci gaba da ɓari. Alhaji ya fita da sifana.

A nan Kaka takan riƙe ƙugu ta kwaikwayi kanta. "Na ce, Malam, leƙa tanki! Ya ce, allurar mai tana rabi, Hauwa, yi haƙuri, fulogi ne. Na ce, Malam, wanda ke cikin nan bai san fulogi ba!"

Mukan faɗi ƙasa don dariya.

Ya kankare na farko, ya ari sanfefa wajen wani kafinta ya goge na biyu. Wutar waya ta fizge shi ya yi tsalle, hularsa ta faɗa kwata. Injin ya mutu gaba ɗaya. Da ya rasa abin yi, ya karɓi siririn katako ya zura a tanki. Katakon ya fito a bushe. Abin da ke yawo a kan mai cikin tanki ya maƙale, allura ta tsaya a rabi ba tare da ya lura ba, kuma wannan karon ƙishi ne ya sa injin tari.

"Sai kafintocin nan suka sauke katako daga amalanke, suka shimfiɗa mini zane. Suna turawa da gudu suna cewa da yarensu, Maame, kafra, wato Uwa, sannu! Kakanku yana biye, takalmi ɗaya a ƙafa. Haka na shiga asibiti kamar sabon gado."

A nan labarin yake ƙarewa. Idan wani ya tambayi wanda aka haifa, takan buɗe tukunya ta ce wake ya kusa ƙonewa. Ni dai na yanke cewa Kawu Sani ne, tunda shi ne babba, kuma har yau tafiyarsa da fizga.

Ranar sadakar bakwai ta Kaka gidan ya yi shiru da yawa, sai na ce bari in sa mutane murmushi. Na tsaya gaban Kawu na kumbura kumatu. "Jaririn amalanke, ɓur-ɓur-ɓur!" Babu wanda ya yi dariya. Inna Asabe, ƙanwar Kaka, ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki.

Tun daga ranar nake tuna fuskar Kaka a hasken garwashi. Ita ce ta ba ni aikin injin, ita ta fi kowa dariya. Ina jin ba ta iya ajiye ranar Anloga ba, ba ta kuma iya faɗarta yadda take ba, shi ya sa ta riƙa kai mu har ƙofar asibiti ta sauke mu cikin raha, ta shiga ita kaɗai.

A bayan ɗakin nan, Inna Asabe ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce, "Ba Sani ba ne. Wansa ne. Sun isa a makare, yaron ya zo babu rai. Alhaji bai koma ya ɗauki motar ba, kuma bai ƙara tuƙi ba har ya rasu."