Duwatsu a Jirgin Babanmu

Injin jirginmu ya mutu wata Talata da hantsi, muna tsakiyar tabkin Keita, ni ce riƙe da sandar juya jirgi. Ya yi tari sau biyu, sai wata ƙara kamar an doka taɓarya a turmin da babu komai, baƙin mai ya fantsamo mini a zane. Yayana da ɗan kawunmu, waɗanda ke jan taru, suka saki igiya suka juyo suna kallona, sai ka ce ni na kashe shi. Da gwangwala muka turo jirgin har bakin gaɓa, ba mu iso ba sai bayan azahar.

Makaniken garinmu ya kwance injin a ƙarƙashin bishiyar bedi, ya nuna mini inda ƙarfe ya huda cikin injin ya fito waje. Ya goge hannu ya ce, "Inna, wanga moter ya gama aikinai. Ko wanda yaƙ ƙera shi ba ya tashe shi."

Jirgin nan na ƙarfe ne, kuma ya girmi 'ya'yana duka. Wani nasara da ya yi aiki a proje, wato shirin raya karkara da aka yi a yankinmu, shi ne ya kawo shi, yana fita da shi ran Lahadi da ƙugiya, ya kama kifi biyu ko uku don nishaɗi, wani lokaci ma ya mayar da su ruwa. Babanmu ke tuƙa masa. Da zai koma ƙasarsu ya bar wa Baba jirgin, Baba ya cire kujerun, ya mayar da shi na taru. Ni na koyi tuƙi a hannunsa saboda yayana ba shi da haƙurin zama wuri ɗaya. Bayan rasuwar Baba jirgin ya zama namu mu biyu. Maza na jan taru, ni ina tuƙi, ina feɗe kifi tun a ruwa kafin zafi ya ɓata shi, in mun dawo in yi banda. Gida uku ke ci daga jirgin nan.

Wanda bai san tabkinmu ba zai ce ai sai a sayo wani inji a ɗora. To, tabkin yana da wani wuri da muke kira wuya. Wani tsukakken wuri ne mai tsawo da ya raba ɓangaren gari da ɓangaren mai zurfi. Idan bazara ta kama, ruwan gefen gari ya ja baya, kifi duka sai ya gudu can mai zurfi, ruwan wuyan kuma ya rage kaɗan a kan taɓo. Taɓon ba na shiga da ƙafa ba ne, ya taɓa haɗiye jaki har wuya. Jirgin da ya wuce wurin nan da kaya, shi ya ci shekarar. Wanda bai wuce ba, sai masu shi su zauna su jira damina. Lokacin da injin ya mutu sanyi ya fara tafiya, muna da 'yan makonni kawai.

Muka shiga mota ni da yayana da makanike zuwa Madawa, inda masu lambun albasa da masu injin niƙa ke sayen injunansu. Tun a hanya na ce wa yayana kada ya yi saurin buɗe baki. Kamar na zuga shi. Muna shiga rumfar mai sayarwa idonsa ya faɗa kan wani ƙaton inji mai tukunya biyu, wato silinda biyu, da aka ciro daga janareto, an shafe shi da jan fenti. Aka tayar masa da shi, ƙasa na rawa, shi kuma yana murmushi har kunne.

"Wanga mu ka ɗauka," in ji shi. "Shebo nawa gare shi?"

Shebo shi ne ƙarfin doki, abin da maza ke fara tambaya ke nan. Mai rumfa ya faɗi, yayana ya gyaɗa kai kamar ya taɓa ƙirga doki a inji. Ni kuwa na zagaya can ƙurya na sami wani ƙarami mai tukunya ɗaya, irin wanda ke jan ruwa a lambuna. Makanike ya ce piyas ɗinsa, wato kayan gyaransa, har a kasuwar Buza ana samu, kuma zai zauna a mazaunin tsohon ba tare da an yanka ƙarfen jirgi ba. Wani da ke zaune a rumfar ya ba da shawarar injin fetur da ake rataye wa a gindin jirgi, makanike ya ce ranar da ya lalace babu mai taɓa shi a duk Adar, aka bar maganar.

Na tambayi mai rumfa nauyin kowanne. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

"Hajiya, na daɗe ina saida moter, ba a taɓa tambaya ta nauyi ba. Dahwa shi za ki yi?"

"Ruwa za shi ɗauke shi, ba ƙasa ba," na ce. "A kai su ga baskil."

Raina ya ɓaci, amma ban bar wurin ba. Sai da aka samo amalanke aka tura injunan biyu zuwa ma'aunin masu sayen tsohon ƙarfe, makanike ya rubuta nauyin kowanne a bayan kwali. Babban ya ninka tsohon injinmu har da ɗoriya. Abin da ban zata ba, ƙaramin ma ya fi tsohon nauyi, don na nasara siririn ƙarfe ne, na yanzu kuwa duk tukunyar ƙarfe ce mai kauri.

A bakin titi muka yi ta sa-in-sa da yayana. Ya ce ni mace ce mai tsoro, inji mai ƙarfi zai keta taɓo ya wuce. Na ce farfela ba garma ba ce. Ya ce shi ne babba. Na ce ban musa ba, amma rabin jirgin nawa ne, kuma ba za a ɗora wa rabina abin da zai nutsar da shi ba. Mutane suka fara taruwa. A ƙarshe na ce mu koma gida ba tare da ko ɗaya ba, ya ba ni kwana uku, jirgin da kansa zai raba mu. Ya yarda ne kawai don kunyar jama'a.

Ina budurwa na yi aikin dutse a proje, cikin matan da suka jera duwatsu a gangaren tsaunuka don tare ruwa. Wuyana ya san nauyin dutse. Washegari na ɗauki kwando na hau tudun bayan gari, na yi ta sauko da duwatsu zuwa bakin tabki. Na aro ma'aunin mai sayen hatsi, makanike yana karanta kwali, ina tarawa har na yi tsibi biyu, ɗaya nauyin babban inji, ɗaya na ƙarami. Na cika tsofaffin buhuna da jiƙaƙƙen yashi daidai kifin da muke kamawa a rana mai kyau. Matan da ke wanki suka ce na haukace, wata ta tambaye ni ko gida zan gina a ruwa. Na ce mata in na gama zan ba ta ɗaki.

Ranar gwaji muka fara da tsibin yayana. Aka jera duwatsun daidai inda inji ke zama, aka ɗora taru da buhunan yashi, mu uku muka shiga. Tun kafin mu tashi gindin jirgin ya zauna, hancinsa ya ɗaga sama. Na dai sa aka ɗaura doguwar igiya a gindin, na bar bakinta a hannun makanike a kan gaɓa. Muka tura da gwangwala zuwa wuyan tabki. Ko kashi ɗaya cikin uku ba mu ci ba jirgin ya kafe. Yayana ya dage da gwangwala har ta nutse a taɓo ta ƙi fita. Sai da mutum takwas suka ja igiya kafin muka koma baya, yara na tafi a kan gaɓa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai. Yayana ya fito ya kwashe duwatsunsa ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya ce, "To, gani ya kori ji. Kawo naki."

Aka jera nawa. Jirgin ya zauna daidai, ni ma na zauna a wurina ina ji da kaina. Muka shiga wuyan lafiya, muka wuce inda muka kafe ɗazu, muka kai tsakiya. Nan na ji shi ta tafin ƙafata, ƙasan jirgin yana shafar taɓo, sannu a hankali, har ya tsaya. Ba kafewa irin ta farko ba ce, ɗan abu kaɗan ne ya rage, amma ya tsaya. Kuma ruwan nan zai ƙara ja baya, ba ƙaruwa zai yi ba.

Aka sake jawo mu. Wannan karon babu wanda ya yi tafi. Yayana bai yi mini dariya ba, na kuwa fi so ya yi. Na tsaya ina kallon jirgin, ina lissafin abin da za a iya ragewa. Taru ba ya raguwa. Maza biyu dole ne, mutum ɗaya ba ya jan sa. Inji babu wanda ya fi wannan sauƙi a duk inda muka tambaya. Saura kifi, saura ni.

Na ce su koma ba tare da ni ba. Na tsaya a gaɓa, ɗan kawunmu ya karɓi wurina, suka tura. Jirgin ya shiga wuyan, ya kai tsakiya, ya wuce sumul ya fita can ɓangaren mai zurfi.

Da suka dawo yayana ya zo ya tsuguna kusa da ni. Tun muna yara ban taɓa jin muryarsa ta yi laushi haka ba.

"Ke, ba komi na ba. Mu rage buhu guda na kihi, ki zamna wurinki. Baba ke yab ba sandar ga, ba mu ba."

"Buhu guda kullum, Yaya? Tuwon gida guda na. Wane gida za mu cirewa, naka ko nau?"

Na ce da safe jirgi ba kaya, zan tafi da su in yi tuƙi in feɗe kifi kamar kullum. In an gama su sauke ni a gaɓar can, in zagayo da ƙafa. Ya ce zagayen tafiyar fiye da awa biyu ce a cikin zafin bazara, kuma ni ba yarinya ba ce. Na ce na sani, ba shi zai gaya mini shekaruna ba. Ranar na koma gida na shiga ɗaki na yi kuka. Shekara talatin ban taɓa barin wani ya shigo da jirgin nan gida ba, kuma ni da hannuna na auna duwatsun da suka fitar da ni.

Da sassafe na tashi yayana muka koma Madawa. Mai rumfa ya so ya sake tayar masa da jan injin, yayana ya ɗaga masa hannu, ya nuna ƙaramin. Kwana huɗu makanike ya yi yana daidaita shi da sandar farfela, yana sa ƙananan faranti a ƙarƙashin ƙafafunsa har ya daina girgiza. Muryarsa ba irin ta tsohon ba ce, ta fi kauri, kuma ba shi da gudu. Masu kwale-kwale biyu sun yi mana tsiya cewa da filafili ma za su riga mu. Ban kula su ba.

Ranar farko Allah ya ba mu kifi, tarwaɗa da gargaza har sun fi buhunan yashina. Da rana ta karkata suka sauke ni a gaɓar can. Na miƙa wa ɗan kawunmu sandar, na gaya masa ya bi gefen hagu inda ciyawa ta tsaya, kada ya ƙara wuta a tsakiya ko da ya ji tsoro. Yayana ya miƙo mini gorar ruwa bai dube ni ba.

Na bi gaɓa da sauri har daidai wuyan tabki, na hau wani dutse na tsaya. Jirgin ya taho a nutse, ruwa ya kusa bakinsa, injin na bugawa a hankali. A tsakiya na ga ruwan bayansu ya yi baƙi, farfela ta fara taɓa taɓo. Ɗan kawunmu bai ƙara wuta ba. Jirgin ya ɗan yi jim, ya ja jiki, ya wuce. Yayana ya miƙe tsaye a cikin kifin ya ɗago mini hannu biyu, ni ma na ɗaga masa. Sannan na sauko daga dutsen, na gyara ɗaurin zane, na kama hanya, don in ban yi sauri ba kifin zai daɗe yana jira na a murhun banda.