Zawon Tunkun Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. In ya so yi mini kara sai ya ce "mutanen Kiru", saboda can nake aure. Mutumin da ke kunyar sunanka, ina zai iya gaya maka abin da ke fita daga cikinsa?

Bayan rasuwar Inna, wani maharbi daga wajen Doguwa ya kawo masa ɗan tunku, wai ya riƙa korar macizai daga gindin rumbu. Maciji dai ban ga ya kora ba. Abin da ya iya shi ne hawa kafaɗar Baba da tsoma baki a kwanon furarsa. Ga wari. Ni kaina ban ƙaunace shi ba.

Sai tunku ya fara zawo. Ya tsaya, ya dawo, ya tsaya, ya dawo. Duk zuwan da na yi Tudun Wada sai na tarar da Baba tsugune da tsinke yana tona kashin: yau kore kamar miyar kuka, gobe da majina, jibi tsaba-tsaba. Malamin dabbobi ya ce a daina ba shi fura da nono, cikinsa na nama ne. Aka daina, ya ji sauƙi, ya sake ɓarkewa.

Ta kan tunkun nan Baba ya fara yi mini doguwar magana. Idonsa na kan dabbar, ni ina durƙushe a gefe.

"Cikin nan nasa murɗawa yake. In ya tashi daga tsuguno jiri ke ɗibarsa. Kwanan nan har da jini, baƙi."

Na dubi kashin da ke gabanmu, kore shar, babu ko ɗigon jini. Na dubi Baba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, butarsa na gefensa alhali ba lokacin salla ba ne.

Na ce, "Tun yaushe yake ganin jinin?"

Ya ce, "Tun kaka."

Daga nan muka sami hanya. In na ce, "Baba, ya jiki?" sai ya ce lafiya ƙalau, ya kashe waya. In na ce, "Ya jikin tunku?" sai in ji komai, har abin da ya ci ya dawo da shi. Maganar asibiti kuwa, ko da wasa ba ya so. Da na ga yana ƙarewa, na ce masa akwai likita a Kano da ya san irin wannan ciwon, amma tunkun ba ya yarda da hannun kowa sai nasa.

Ya ce, "To, ranar Litinin. In an gama duba shi, in sun ga dama su duba mai riƙe da shi."

Ranar na yi kukan daɗi.

Mota a hannun ƙanena take, shi ke riƙe da gidan, dole na gaya masa. Ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaya, ke da tsoho wasan yara kuke yi? Gida ya cika da wari, matata na kwasar kashin dabba, ashe wasan ɓuya ne?" Na roƙe shi don Allah ya kama bakinsa, ya kai mu kawai. Ƙanena irin mutanen nan ne da ke kiran rashin kunya gaskiya.

Litinin da hantsi na sauka daga motar Kwanar Dangora. Baba na zaune a ƙofar gida cikin farar babbar rigarsa, tunku na cikin kwali a cinyarsa, an huda masa wurin shan iska. Maƙwabta dattawa sun zo yi masa Allah ya kiyaye hanya. Ƙanena ya fito da buhun taki. Ya ɗauki kwalin ya juye a ciki, ya murɗe bakin buhun, ya yi ta maka shi da bangon zaure. Kukan tunku siriri ne. Bai daɗe ba.

Ya jefa buhun gaban Baba.

"Wannan mai zawon na sallame shi. Saura kai, Baba. Kai ne ke kashin jini, kowa ma ya ji. Tashi mu tafi, ka gaya wa likita da bakinka."

Dattawan suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya kama jan carbi da sauri.

Baba ya miƙe. Ya ɗauki buhun, ya ɗauki fartanya, ya zaga bayan rumbu. Ya hana kowa taya shi. Yana sara yana hutawa, farar rigar ta yi kaca-kaca da ƙasa. Da ya dawo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutanen Kiru su koma kafin rana ta yi zafi. Lafiyata ƙalau."

Bai je Kano ba. Bai sake fita ƙofar gida ba ma, ko masallaci sai an watse. Har yau ƙanena cewa yake shi gaskiya ya faɗa, tsoho ne ya yi taurin kai. Ni kuwa ban sake shan ruwa a ɗakin ƙanen nan nawa ba, kuma ban yafe ba.

Zuwana na ƙarshe damina ta sauka, Baba na kwance, ya zama ƙashi da fata. Na ce, "Baba, ya jiki?" Ya ce, "Alhamdu lillahi." Na rasa ta inda zan shiga. Na matsa kusa na ce, "Ya jikin tunku?"

Ya juyar da fuskarsa bango.

"Ai kina wurin. An kashe shi a gaban mutane."