Ɗan Mai Fara Ba Ya Cin Fara

Yayata Prosi ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Tun muna yara a garin Masaka, a tsaye take cin abinci. Da ta girma sai ta sami sana'ar da ta dace da ita. In lokacin fara ya zo, ta sari buhu da sassafe, ta fige fukafukai da ƙafafu, ta soya da albasa, ta bi tashar mota tana miƙawa ta taga. Sauran watanni kuwa gyaɗa da soyayyen rogo. Da na gama jami'a, a gidanta na sauka.

Ɗanta Pius, mai shekara uku, yana da tsirfa wajen abinci. Wake sai an tsince masa albasa, dafaffiyar ayaba sai miya ba ta taɓa ta ba. Fara kuwa, da ya ji ƙamshinta sai ya toshe hanci da bayan hannu, ya kau da kai. Dariya muke yi, har ranar da ƙanwar mijinta, Gwaggo Nakabugo, ta zo.

Ta miƙa masa fara ɗaya, ya toshe hanci.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo. "Mu dai a danginmu biri aka hana mu ci. Wannan jinin masu ƙin fara daga ina ya shigo mana?"

Kowa a cikinmu dangin ubansa yake bi, kuma kowane dangi da abin da ba ya ci. Kowa kuma ya san saurayin Prosi na farko ɗan dangin Fara ne. Mijinta Ssentongo yana wurin. Na ga ya daɗe yana kallon kunnuwan yaron.

Daga ranar Prosi ta rasa sukuni. Ta daka fara ta zuba a miyar gyaɗa, Pius ya tofar. Ta yi lallashi, ta yi tsawa. Daga ƙarshe ta juyo kaina.

"Ke 'yar boko, me littattafanku suka ce? Da ƙin abinci ake haihuwar yaro ko koya yake yi?"

Na ce a hankali, "Sun ce duka biyun, Yaya."

"Duka biyun! Shekarun da kika yi ke nan, ki kawo mini duka biyun?"

Wata rana ruwa ya kore ta daga tasha da wuri, muka je ɗauko Pius a wurin Kaka Nakalanzi, tsohuwar da matan layinmu ke bar wa yara in za su kasuwa. Prosi na shiga da bokitin fara, tsohuwar ta toshe hanci da bayan hannu, ta kau da kai. Yara huɗu da ke kan tabarma, har da Pius, suka yi haka nan, kamar an ba su umarni.

Prosi ta tsaya cak. Ban taɓa ganin ta tsaya haka ba.

"Kaka, me kika koya wa ɗana?"

"Ni? Ban ce masa komai ba, 'yata. Ni 'yar dangin Fara ce, kin taɓa ganin mutum ya ci kakansa? Fitar mini da bokitin nan!"

Washegari Prosi ta janyo Gwaggo da Ssentongo har ɗakin tsohuwar, ta buɗe bokiti. Hannaye biyar suka tashi.

"To Gwaggo, ga 'yar mai gawayi, ga tagwayen tela. Su ma ni na haifa wa tsohon saurayina?"

Gwaggo ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba amaryarmu, wasa fa nake yi!"

Ssentongo ya sunkuya zai ɗauki yaron, Prosi ta riga shi.

"Bari, ka gama auna kunnuwan tukuna."

Ta goya shi ta yi gaba, bokiti a ka, mijin na biye da ita yana kiran sunanta. Sai da aka yi kwanaki kafin ta yarda ta zuba masa abinci da hannunta.

Pius har yau ba ya cin fara, uwarsa kuma ta daina ba shi. Albasar wake dai ba mu gano wanda ya koya masa ba.