Malam Hammajoda, Alƙalin da Ya Zo Ya Saurari Ƙarfenmu

Dukanmu na Allah ne, kuma wurinsa za mu tattara, mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a. Ranar Alhamis, 8 ga watan Satumba, 1960, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alƙali Malam Hammajoda a gidansa da ke Ƙofar Ran, cikin birnin Bauchi, bayan 'yar gajeriyar jinya. An kai shi makwancinsa bayan azahar.

Allah ya gafarta malam. Da wannan kalma muke kiranka kana raye, muna durƙushe, rabi ladabi rabi tsoro. Yau ta koma addu'a a bakina, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta.

Sunana Elisha, mai gyaran keke a bayan ganuwa. Mutumin ƙasar Bogoro ne ni, Kirista ɗan Kirista. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, saboda haka masu ilmi su yi mini afuwa in alƙalamina ya yi tuntuɓe. Na san akwai waɗanda suka fi ni cancantar wannan rubutu, ga ɗalibanka, ga abokan karatunka. Amma su sun san ka suna gabanka da littafi a hannu. Ni na san ka ina gabanka a matsayin wanda aka yi ƙara, kuma a nan ne ake sanin alƙali.

A lokacin mu 'yan kaɗan ne a bayan ganuwa: leburori, masu wanki da guga, kukun Turawa, sai dattijonmu Baba Amos, tsohon soja. Mun kafa rumfar zana a gindin wata ɗorawa, nan muke sujada ranar Lahadi. Ba mai agogo a cikinmu. Don haka muka samo tsohon ƙarfen ƙafar mota, wanda direbobi ke ce wa wili, muka rataye shi a reshen ɗorawar. Ni nake buga shi, don shagona ya fi kusa.

Da daminar 1957 ɗan doka ya kawo mini sammaci. Mai ƙara shi ne Malam Babayo, maɗinkin hula, wanda gidansa ke jingine da ganuwa ta ciki, daidai saitin rumfarmu. 'Yarsa Madina na kwance, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma duk sa'ad da ƙarfen ya yi ƙara sai ta firgita ta kama kuka. Wani ya raɗa masa cewa mu mutanen dutse ne, dodonmu muke kira da ƙarfen, shi ke shan jinin yarinyar. Ko a ranar ban ga laifin Babayo ba. Uba ne, 'yarsa na narkewa a gabansa, kuma an nuna masa inda zai ɗora laifin. Abin da ya nema shi ne a rushe rumfar, a ɗaure mai bugun, a tashe mu daga wurin.

'Yan'uwa suka ce in gudu gida kafin ranar zama. Suka ce bakina ba zai hau kan bakin Musulmi a kotu ba, ko da gaskiyata ta kai dutsen Warinje girma. Na yi tunani na ga in na gudu na amsa laifin ke nan, kuma na amsa wa kowa da kowa. Sai na tsaya.

Ranar zama 'yan doka suka kwanto ƙarfen, suka kinkimo shi, suka dire shi a tsakiyar zauren kotu. To, al'adar wurin ita ce, in rantsuwa ta kama, Musulmi ya yi alwala ya dafa Littafin Allah, mai bin gargajiya kuma a miƙa masa wuƙa ko wani ƙarfe ya lasa. Da muhutinka, mai rubuta shari'a, ya dubi tsagen fuskata, ya dubi ƙarfen, sai ya ce, "To, ga abin naka nan an kawo maka har gida. Durƙusa ka lasa, ka rantse."

Ba da mugunta ya faɗa ba. A saninsa duk wanda ya fito daga kudu da ƙarfe yake rantsuwa, ga shi kuma nawa ya fi na kowa girma. Amma na gane nan take cewa in harshena ya taɓa ƙarfen nan, shari'a ta ƙare. Na shaida da bakina cewa abin bautata ne. In kuma na ƙi, a ce na ji tsoron rantsuwa.

Sai ka ɗaga hannu, ba ka ko dubi muhutin ba. Ka ce, "Samari, wannan mene ne?"

Na ce, "Allah ya gafarta malam, ƙafar mota ce."

Aka yi dariya a bayan zaure. Kai ba ka yi ba. Ka ce, "In ka buge ta, me take cewa?"

"Cewa take yi, ku zo, lokaci ya yi."

"Ku zo wurin wa?"

"Wurin Allah."

"Wane Allahn?"

"Wanda ya yi ni, ya yi malam."

Ka ja carbinka. Can ka ce, "Ashe ladan aka kawo mini." Zauren ya ɗauki guna-guni, don ba kowa kalmar ta yi wa daɗi ba.

Ba ka yanke hukunci a ranar ba. An san ka da wannan hali, har masu gaggawa na kiranka alƙali-sai-gobe a bayan idonka. Babayo ba shi da shaida sai "an ce", kuma da ka so da ka kori ƙarar a nan take. Amma ka san in ka yi haka, zai koma gida da zarginsa a ciki, mu kuma mu koma rumfa da wuta a gindinmu. Sai ka ce a mayar da ƙarfen inda aka kwanto shi, a dakace ka.

Ranar Lahadi da safe sai ga ka bisa alfadarinka, da dattawa biyu na cikin gari waɗanda kowa ya yarda da adalcinsu, Babayo na biye. Ba ka shiga rumfar ba. Ka sa aka shimfiɗa maka buzu a inuwar ɗorawa, ka ce, "Ladan, yi aikinka." Na buga. Mutane suka fito ɗaya bayan ɗaya, suka gan ka, wasu suka so su juya, Baba Amos ya daka musu tsawa irin ta soja. Muka yi waƙa, muka yi karatu, muka yi addu'a, duka da Hausa, kana ji. Ban taɓa jin waƙarmu ta fita da rauni kamar ranar ba. Da muka gama ka ce wa dattawan su shiga su duba ko'ina. Suka sami kututtukan zama, da baƙin allo, da tulun ruwan sha. Ba jini, ba gashin kaza, ba tukunyar da aka binne.

Sai daga baya na fahimci dalilin zuwa da dattawan nan. Wani ɗalibinka ya gaya mini cewa a shari'arku alƙali ba ya hukunci da abin da idonsa kaɗai ya gani, sai da shaidu. Tun da an ce bakinmu ba zai karɓu ba, sai ka ɗauko bakin da zai karɓu ka kawo shi wurinmu. Ba ka karya shari'arka don mu ba. Cikinta ka bi har ka same mu.

Hukuncin da ka yanke bai faranta wa kowa duka ba. Ka ce babu tsafi, ba mai rushe rumfa, ba mai tashin kowa, mutanen nan Allah suke kira ta hanyar da suka sani. Amma ka juyo gare ni ka ce maƙwabci mara lafiya yana da hakki, ko a addininmu ko a naku, kuma firgitar yarinyar gaskiya ce ko da dodo ƙarya ne. Ƙarfe ya yi shiru har Allah ya yi ikonsa a kan ciwon. In an koma bugu, kada a buga sai rana ta fito, kada kuma ya haɗu da lokacin sallah. Ka ce, "Daga yau kai ladan mai ƙafa ne." Haka na riƙa bi gida gida ranar Lahadi ina sallama ina cewa lokaci ya yi. Wasunmu suka ce an kayar da mu. Ni dai na ga rumfa tsaye.

Baba Amos ya ɗauki kwandon acca da aka aiko masa daga gida ya kai maka godiya. Ka ƙi karɓa. Ka ce, "Amos, ni lafiyata ƙalau. Kunun acca na mara lafiya ne, kuma ka san gidan da yake." Can aka kai. Kwandon ya yini a ƙofar zauren Babayo ba wanda ya taɓa, da la'asar aka shiga da shi.

Madina ba ta tashi ba. Ta rasu da kaka, ƙarfe na rataye shiru. Ka aiko mana cewa mu dakata sai an yi sadakar arba'in, sannan mu buga. Muka yi haka. Tun daga nan Babayo bai sake amsa gaisuwata ba. In mun haɗu a ƙofa sai ya kau da kai, kuma an sha jin sa a kasuwa yana cewa alƙali ba ya dawwama, wata rana za a sake zama.

Kai ma ka biya. An kira ka alƙalin arna. Akwai waɗanda suka janye daga zauren karatunka, akwai waɗanda suka kai ƙorafinka sama. Ba ka taɓa ɗaga maganar a gabanmu ba, sai a bakin mutane muka ji. Kada kuma mai karatu ya ɗauka son mu kake yi fiye da gaskiya. Da wani namu ya dafa burkutu ya riƙa sayarwa a bakin ƙofar gari, hukuncin da ka yi masa har yau yana tunawa. Baba Amos ya je roƙo, ka ce masa, "Na hana a taka ku, ban ce ku taka wani ba."

In za ka wuce gona ka kan ja linzami a gaban shagona ka ce, "Ladan, ina gajiya?" Ranar ƙarshe da muka yi magana mai tsawo, na ce maka a rediyon mai shayi muna jin labarin ƙasashen da aka kulle masallatai da majami'u gaba ɗaya, da waɗanda aka raba gida biyu saboda addini. Na ce amma mu an ce in an sami mulkin kai, za a rubuta a babbar dokar ƙasa cewa kowa ya bi addininsa, ba mai hana shi. Ka ce, "Madalla, a rubuta. Amma takarda ba ta da ƙafa, Elisha. Ba za ta zo gindin ɗorawa da kanta ba, sai wani ya ɗauko ta." Saura 'yan makonni a ɗaga sabuwar tuta ka tafi, ba ka ga ranar ba.

Da labarin rasuwarka ya iso bayan ganuwa, kuka biyu muka yi, ba zan ɓoye ba. Ɗaya naka, ɗaya na kanmu. Wanda ya tsaya mana ya kau, mai ƙara yana nan, sabon alƙali ba mu san shi ba. Wasu suka ce mu kwance ƙarfen da kanmu tun ba a zo an kwance mana da rumfar duka ba.

Ranar Asabar muka je gaisuwa, ni da Baba Amos. Muka tsaya nesa da tabarmi, ba mu san ko wurin zai ɗauke mu ba. Babban ɗanka Malam Jalo ya hango mu, ya taso da kansa ya ce, "Baba Amos, ku ƙaraso, ai gidanku ne." Wurin da ya rage a tabarma kuwa kusa da Babayo ne. Na durƙusa na yi wa jama'a gaisuwa, na zauna a gefe kamar mai zama kan ƙaya. Aka shafa addu'a. Sai na ji Babayo ya ja rigarsa ya matsa mini. Bai dube ni ba. Ya ce, "Gobe Lahadi ko?"

Na ce, "I, malam."

Ya ce, "Marigayi kaɗai ya zo ya duba Madina sau biyu, ya zauna a bakin gadonta. Ba zan tayar da abin da ya kwantar ba. Ka buga abinka. Amma ka rage hannu, kai ma ba kurame kake kira ba."

Na buga jiya, bayan rana ta fito, a hankali. Mutane suka zo.

Allah ya jiƙan ka, Malam Hammajoda. Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe kurakuranka, ya yi maka sassauci a ranar da alƙalai za su durƙusa a gaban Alƙalin alƙalai, kamar yadda ka saurari mara gata kafin ka yanke. Ina miƙa ta'aziyyata, da ta Baba Amos, da ta dukan jama'armu ta bayan ganuwa, ga Malam Jalo da ƙannensa, da iyayenmu mata na cikin gida, da ɗaliban marigayi, da mutanen Ƙofar Ran baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Wanda zai hau buzunsa kuma, Allah ya ba shi kunne kafin baki. Mu da muka rage, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.

Elisha mai gyaran keke,
Bayan ganuwa, Ƙofar Ran, Bauchi.